Na Ce Mata Ta Samu Sauƙi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da cuta, ya saukar da maganinta, sannan ya bar mu da hankalin da za mu riƙe maganin ko mu ajiye shi. Sunana Asta, malamar firamare ce ni a cikin garin Yola, gidanmu yana unguwar Makama. Labarin jinyar mahaifiyata zan rubuta, wadda muke kira Dada, shekara biyu ke nan da rasuwarta. Ban taɓa niyyar rubuta shi ba. Makon jiya ne maƙwabciyarmu ta shigo tana fara'a, wai mijinta mai ciwon sukari ya rage jiki, gwajinsa ya yi kyau, za su ajiye ƙwayar asibiti. Na buɗe baki zan yi mata magana, kuka ya riga ni, ta fita tana zaton ko aljanu gare ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Dada mace ce mai jiki, kuma tana alfahari da shi. A garin da yawancin mata dogaye ne sirara, ita in ta shigo gidan biki sai an gyara mata tabarma guda ita kaɗai. Sana'arta alkaki da nakiya da dubulan, ba a kai amarya a Makama ba tare da kayan hannunta ba. Takan ce mai sayar da zaƙi in ta rame wa zai yarda da kayanta? Ba ta da ma'auni sai yatsa: ta tsoma a ruwan zuma da sukari, ta lasa, ta ce a ƙara ko ya isa. Tun rasuwar mahaifinmu da wannan yatsan ta riƙe mu, ni da yayana Hamma Buba, wanda yake aikin ofis a Maiduguri, hedikwatar jiharmu a wancan lokacin.

Ciwon ya fara ne a bazarar shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Ƙishirwa ta fara damunta, amma wa zai lura da ƙishirwa a bazarar Yola? Kowa bakinsa a randa yake. Sai yawan zagawa, har ta fara ƙorafin alwala ba ta zama. Sai maruru ya fito mata a cinya ya ƙi warkewa. Ƙanwarta, Yapendo Nenne, ta zo daga Mbamba ta duba ta, ta ce shawara ce, ta kawo saiwoyi da ɓawon maɗaci. Mako uku Dada tana shan ɗaci tana yamutsa fuska, ba abin da ya ragu sai fara'arta. Ni ce na lura da kiyashi a makewayi, sun yi layi suna taruwa a inda ta yi fitsari. Na taɓa jin a makarantar horon malamai cewa wannan alamar ciwon sukari ce.

Mun hau motar haya ta kiya-kiya zuwa asibitin Jimeta da sassafe. Wanda bai taɓa kai mara lafiya asibiti ba bai san layi ba. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin gwaji, layin karɓar magani, kowanne da bencinsa da ranarsa. Ranar farko har la'asar ba mu ga likita ba, muka dawo gida da kati kawai. Rana ta biyu Allah ya haɗa mu da wata nas, Sista Rifkatu, mutuniyar wajen Numan, mace mai faɗa da tausayi a haɗe. Ita ta karɓi fitsarin Dada, ta ɗiga a cikin wani ruwa shuɗi a 'yar siririyar kwalba, ta ɗora a wuta. Ina kallo ruwan ya juye ya zama ja kamar bulo.

"Mama yana da sukari sosai," in ji Sista da irin Hausarta. "Ya daɗe a jiki wannan."

Likitan ɗan Indiya ne, ba ya jin Hausa balle Fillanci, don haka ni ce tafinta. Ya ce ƙwaya ɗaya fara kowace safiya. Ban da sukari, ban da zuma, tuwo kada ya wuce dunƙulen hannu, a yawaita ganye da kifi, a riƙa tafiya a ƙasa, kuma lallai ta rage jiki. Da na juya wa Dada maganar, ta dubi likitan sama da ƙasa, shi ɗan tsamurmuri ne.

"Asta, ki gaya masa shekara hamsin na yi ina tara jikin nan. Shi da ba shi da ko kaɗan, me ya sani a kai?"

Ban gaya masa ba, na ce ta gode.

Da yake ni malama ce, Sista ta koya mini gwajin, ta sa na sayi kwalbar da ruwan shuɗin. Kowace safiya bayan na idar da salla sai in kunna risho, in ɗiga ɗigo takwas, in riƙe kwalbar a wuta. Dada tana zaune bakin ƙofa tana tsiya: "Na kai ki boko don ki zama mutum, kin dawo kina dafa mini fitsari." Na sami littafin rubutu na yara, ina shafa launin kowace rana da fensir mai kala. Mako biyun farko ja ne. Mako na uku ya koma ruwan goro, ya daɗe a nan. Cikin wata na biyu ya zama rawaya, ƙishirwa ta ragu, marurun ya bushe. Da damina ta kankama muka ga kore.

Ba da sauƙi muka kai nan ba. Na ɓoye sukari, na kulle tulun zuma a ɗakina, Dada ta daina karɓar aikin biki don ba ta iya yin alkaki ba ɗanɗanawa. Kullum bayan la'asar muna takawa har gonakin Bako mu dawo, tana haki tana yi mini Allah ya isa ta wasa, wani lokaci ba ta wasa ba. Ragon da muke kiwo don layya ya tafi a kuɗin mota da kifi da ruwan gwaji, Hamma Buba ma yana aiko abin da ya samu. Jikin ya yi ta sauka. Zanen da a da da ƙyar yake zagaye ta ya koma yana rara, awarwaro suna zamowa har gwiwar hannu. A wurina da likita wannan nasara ce. A wurin matan Makama kuwa abin kunya ne. Suna shigowa dubiya suna sauke murya kamar gidan makoki, a waje kuma suna cewa Asta za ta kashe uwarta da yunwar boko. Maganar ta dawo kunnena, ta yi mini ciwo ƙwarai, don ban taɓa wahala a kan wani abu kamar yadda na yi a kan jinyar nan ba.

Wata na biyar ruwan ya daina juyewa. In dafa shi, in dafa, ya tsaya shuɗi yadda na zuba shi. Mako shida a jere haka. Ranar da muka koma asibiti, wajen ƙarshen damina, likita ya ɗora Dada a sikeli, ya duba littafina shafi-shafi, ya yi murmushi har ya tafa hannu. Ya faɗi wata kalma sau uku, "kwantirol". Ya ci gaba da cewa ciwon yana nan bai tafi ba, kada a daina ƙwayar, mu dawo bayan wata ɗaya, wataƙila ya rage mata tunda jikin ya ragu.

Dada ta ja gefen gyalena. "Me ya ce? Na ga yana dariya."

Wallahi na san kalmar. Ita aka fi nanata mana a makarantar horon malamai. Kwantirol shi ne aji ya yi tsit saboda malami yana tsaye. Ka sa ƙafa waje, surutu ya dawo sabo. Na sani sarai. Amma na laluba Hausa, na laluba Fillanci, ban sami kalma guda da za ta ɗauke ta ba, ga Dada ta zuba mini ido, wata shida rabon ta da abin da take so. Sai na ce, "Dada, ya ce kin samu sauƙi."

Ta ɗaga hannu sama, hawaye suka zubo. "Useko, useko," take ta ce wa likitan, tana gode masa da Fillanci. Na ce a raina sauran bayanin sai mun isa gida.

A gida muka tarar da Yapendo Nenne tana jira. Dada ta ce, "Likita ya ce na samu sauƙi." Yapendo ta rangaɗa guɗa, ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabta, "O yamɗi!" wato ta warke. Ka ji yadda kalma ta yi tafiya: daga bakin likita ciwo yana nan an danne shi, a bakina ya zama sauƙi, a bakin Yapendo ya zama waraka. Kafin magariba gida ya cika da 'yan barka. Matan da suka ce zan kashe uwata su ne suke shafa kaina suna cewa boko ya yi rana. Nan ne ya kamata in miƙe in ce a'a, ba haka aka ce ba. Ban miƙe ba. Yabon ya yi mini daɗi, gaskiyar ke nan, kuma har yau ita ce take hana ni sukuni.

Bayan mako biyu azumi ya kama. Dada ta ce ita da ta warke ba abin da zai hana ta azumi. Ta riƙa shan ƙwayar da sahur, don har lokacin ina tsaye a kan haka. Rana ta uku wajen azahar na dawo daga makaranta na tarar da ita kwance kusa da turmi, gumi ya jiƙa ta sharkaf, hannu yana rawa, tana magana ba kan gado. Yapendo ta ɗura mata kunu da sukari, cikin ɗan lokaci ta farfaɗo ta tashi zaune kamar ba ita ba.

Aka yi zaman shawara a tsakar gida, Hamma Buba ma ya zo hutu. Yapendo ta ce, "Abin a fili yake. Ciwo ya tafi, magani bai sami abin ci ba, ya koma cin mai shi. Kun ga abin da ya tashe ta? Sukarin da aka hana ta."

Na ce, "Yapendo, likita ya ce kada a daina."

Hamma Buba ya ce, "Asta, ba ke kika ce ya ce ta samu sauƙi ba? Mai sauƙi kuma me zai yi da magani? Ko so kike sai ya kashe ta?"

Na ce mu koma asibiti a tambaya. Dada ta ce ita ba za ta zauna a bencin Jimeta da bakin azumi ba, sai bayan Salla. Na dube su, uwata da ƙanwarta da yayana, ni ce ƙarama a wurin, kuma maganar Yapendo ta shige ni, don na ga abin da ido. Washegari Dada ba ta sha ƙwaya ba, ba ta ƙara sha ba.

Daga baya Sista Rifkatu ta gaya mini cewa wannan faɗuwar ita ce ainihin ranar da ya kamata mu zo. Jiki ya ragu, ga azumi, ƙwayar ta yi mata yawa. Da likita ya raba ta biyu, ko ma ya dakatar da ita yana sa ido da gwaji, ya kuma yi mana bayanin azumin. Ba laifi ba ne a rage, ba laifi ba ne wani lokaci a ajiye. Laifin shi ne mu muka yanke a tsakar gida, muka kuma rufe ido bayan haka.

Abin da ya ƙara ruɗe mu shi ne ruwan bai juye ba. Wata ɗaya ba magani, shuɗi. Wata biyu, shuɗi. Kowace safiya Yapendo ce mai gaskiya, ni ce mai taurin kai. Salla ta wuce, ba wanda ya tada maganar Jimeta. Ruwan gwajin ya ƙare, na ce zan sayo ranar Asabar, Asabar ta zo ta wuce. Kaka ta yi, bukukuwa suka taso, aka fara sallama ana neman Dada. Na buɗe ɗakina na ba ta tulun zuma da hannuna. Gidanmu ya koma ƙamshin mai da zuma, kumatunta suka ciko, dariyarta ta dawo. Tafiyar Bako ta mutu, don ba lokaci. Ba zan yi ƙarya ba, watannin nan sun fi kowanne daɗi, na ji na dawo da uwata.

Da bazara ta zagayo sai ta fara ramewa kuma, alhali tana cin abinci fiye da da. A nan na yi wautar da ta fi ta farko. Na ce, "Alhamdu lillahi, Dada, ai likita ya ce raguwar jiki ita ce lafiyarki." Ban san rama iri biyu ba ce. Ta farko mu muka neme ta da ƙyar, da takawa da ɗaure baki. Ta biyu ciwon ne yake cin ta daga ciki. Ƙishirwa ta dawo, na ce zafi ne. Na ga kiyashi a makewayi, na kwara musu ruwa, na ce zuma ce ta zube a wani wuri. Ina gani ina kau da kai, don in na yarda ciwon ya dawo, na yarda ke nan ni ce na yi kuskure.

Wata rana tana tuya ta taka garwashi da ƙafar hagu, ba ta ji ba. Yapendo ce ta ga tabo a tabarma ta ɗaga ƙafar. Aka shafa man shanu, aka ɗaure da ganye. Mako guda wurin ya kumbura yana ruwa. Mako na biyu babban yatsa ya yi baƙi, ɗakin ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ta. A kwance muka kai ta Jimeta, ruwan farkon damina yana dukan mu.

Sista Rifkatu ta karɓi katin, ta duba ranar zuwanmu na ƙarshe, ta ɗago.

"Malama! Wata tara! Ina kuka shiga? Ke da kin yi makaranta?"

Ta ɗora kwalbar a wuta, ko tafasa bai gama yi ba ya zama ja.

Aka ba mu gado. Ƙwaya ta daina aiki, sai allura safe da yamma. Mako uku muka yi a ɗakin mata, ina shimfiɗa tabarma a gefen gadonta. Ina da ƙorafi kuma zan faɗa: a duk zuwanmu na baya ba a sami mutum ɗaya da ya zaunar da Dada ya yi mata bayani da harshen da take ji ba, an bar rai guda a bakin tafinta, tafintar kuma 'yarta ce mai son ganin ta tana murmushi. Amma ina da godiya da ta fi ƙorafin. Sista Rifkatu, bayan faɗan ranar farko, ba ta ƙara ɗaga mini murya ba. Ita take wanke ƙafar da ko ni 'yar cikinta sai na toshe hanci, tana yi tana jan Dada da hira, in ta gama ta ce, "Mama, ina yi maka addu'a a coci." Dada ta ce, "Ki yi, 'yata, Allah ya karɓa." Allah ya saka wa wannan baiwa tasa da alheri.

A mako na uku likita ya zo ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana kallo, ya yi magana a hankali. Dada ta ja gefen gyalena kamar wancan karon.

"Asta, yau ki faɗa mini yadda ya faɗa. Kada ki zuba masa zuma."

Na ce, "Ya ce ƙafar ta mutu daga idon sawu. Sai an yanke a ƙasan gwiwa. Ya ce dafin ya shiga jini, ko an yanke ba shi da tabbas."

Ta gyaɗa kai. Da likita ya fita na durƙusa a bakin gadon na gaya mata komai, kalmar da ya faɗa wancan karon, da ma'anarta, da yadda na san ta na ɓoye. Na yi mata misali da ajina. Sai ta ce:

"Da haka kika ce ai da na gane. Ni da kullum nake rufe garwashi da toka, in tashi da safe in hura ya kama? Na san wutar da ta mutu, na san wadda ta kwanta."

Na kifa kai a katifa ina kuka. Ta ɗora hannu a kaina.

"Tashi, ke. Ni ma abin da nake so in ji kika faɗa mini. Na ga bakin mutumin ya daɗe yana motsi, ke kuma kalma uku kika ba ni. Ban tambayi sauran ba. Na yafe miki, ki yafe wa kanki."

Ta yarda a yanke, aka sa ranar Alhamis. Ranar Laraba da hantsi Sista ta shigo ta taɓa goshinta ta ce, "Mama, ya jiki?" Dada ta buɗe ido da ƙyar, leɓenta a bushe, ta ba da amsar da kowane majinyaci yake bayarwa a ƙasar nan, komai halin da yake ciki.

"Da sauƙi."

Ba ta kai azahar ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan sadakar arba'in muna kwashe kayanta, na buɗe wata kwalla a ƙasan jere, na sami ragowar ƙwayoyin a ƙulle cikin tsumma mai tsabta. Yapendo ta fashe da kuka, ta ce Dada ta gaya mata ta adana su ne don ta ba wani mai ciwon, tunda ita Allah ya yaye mata. Ba na jin haushin Yapendo, ba na jin haushin Hamma Buba. Abin da na ba su shi suka riƙe.

To, ku masu jinyar mai sukari, ku ji daga bakin wadda ta binne uwa. In jiki ya ragu, gwaji ya yi kyau, ku gode wa Allah, sannan ku koma wurin likita ku tambaye shi yadda za a yi da maganin. In majinyaci ya faɗi yana gumi, ku ba shi zaƙi ya tashi, ku kai shi asibiti, kada ku kira taron dangi. Ko likitan ne da kansa ya ce a ajiye, kada gwaji ya tsaya. In kuma rama ta zo ba ku kuka neme ta ba, ku ji tsoro. Ni yanzu in na je dubiya aka ce mini da sauƙi, sai in gyara zama in ce, "Ana shan maganin?" Har an fara cewa Malama Asta ba ta iya gaisuwa ba. Su faɗa.

Allah ya jiƙan Dada, ya sanyaya makwancinta, ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa. Gobe bayan an tashi makaranta zan shiga gidan maƙwabciyata da takardar nan. Ba ta iya karatu ba, ni zan karanta mata, kuma ba zan tsallake ko kalma ɗaya ba.